TARIHI: Muhammadu Rumfa, sarkin da ya gina gidan da ake rikici a kansa da ganuwar da aka bari tana zubewa

A ƙarshen watan Mayun 2024, bayan Majalisar Dokokin Jihar Kano ta soke dokar masarautu ta 2019, birnin ya wayi gari da mutum biyu kowanne yana amsa sunan Sarki. Muhammadu Sanusi II ya shiga Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan sarki na Nasarawa. Lauyoyi suka duƙufa a kotuna, matasa suka rabu gida biyu a Facebook da TikTok, amma duk inda aka juya maganar sai ta dawo kan tambaya guda, wato wane ne ke zaune a cikin gidan.

Mutumin da ya aza harsashin wannan gida ya rasu tun shekarar 1499. Sunansa Muhammadu Rumfa, sarki na 20 a jerin sarakunan Kano, wanda ya yi shekara 37 bisa ƙidayar watan Musulunci yana mulki. Manyan abubuwa uku na ƙasa da tubali ya bari: fada, kasuwa da ganuwa. Biyu na nan da ransu, ta ukun kuwa tana ƙarewa a gaban idon kowa.

Asalinsa da Kanon da ya tarar

Mafi yawan abin da aka sani game da Rumfa ya fito ne daga littafin Tarihin Kano, wanda aka harhaɗa da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19 daga riwayoyin fada, H. R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Kimanin shekara 400 ke nan tsakanin sarkin da marubucin, shi ya sa masana kan auna littafin da rubuce-rubucen malaman da suka yi zamani da Rumfa, da kuma gine-ginen da suka rage.

Littafin ya ce Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, mahaifiyarsa kuma Fadimatu, mutuniyar Rano. Ya taso a daidai lokacin da Kano ke tashi daga garin manoma da maƙera da ke kewaye da Dala zuwa mahaɗar fatake. A zamanin kakansa Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) aka buɗe hanyar da ta haɗa Barno da Gwanja, ƙasar goro. A zamanin mahaifinsa (1452 zuwa 1463) gishirin Azbin ya yawaita a ƙasar Hausa, Barebari da Larabawa suka riƙa sauka, Fulani malamai suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da nahawu, ƙari a kan na fiƙihu da hadisi da Wangarawa suka riga suka kawo.

Riwayar baka ta Kanawa tana danganta Gidan Makama da ƙuruciyarsa. Ana cewa a nan ya zauna kafin ya ƙaura zuwa fadar da ya gina. Da ya hau gadon mulki a 1463, gari ya tarar wanda baƙinsa da dukiyarsa suka fi ƙarfin tsohon tsarinsa. Rayuwarsa ta sarauta kusan duk a kan wannan matsala ta ƙare.

Sabon gida a sabon fili

Tarihin Kano ya jingina masa abubuwa 12 da ya fara, na farkonsu shi ne gidan da ke ɗauke da sunansa. Wajen shekarar 1480 ya bar tsohon mazaunin sarauta da ke ɓangaren Dala, ya fita kudu maso gabas, ya shata fili mai faɗin kimanin eka 33, ya kewaye shi da garu. Ƙaurar tana da ma'ana ta siyasa. Dala ita ce cibiyar tsohon addini da tsofaffin gidajen da suka gaji iko tun zamanin Barbushe. Sarkin da ya yi nesa da su ya sami sararin zaɓen waɗanda za su kewaye shi.

Haka kuwa ya yi. Ya kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano, wadda a cikinta akan ambaci Galadima da Madaki da Wambai da Makama da Sarkin Bai. Ya ba babanni da bayin sarki muƙamai masu nauyi, har da riƙon baitulmali da tsaron ƙofa, domin su mutane ne da ba su da dangin da za su yi wa kwaɗayin gado. Shi ya fara amfani da kakaki da figini da takalman gashin jimina, shi ya fara fita da dawakin zage, a zamaninsa kuma aka fara sallar Idi a Shadakoko. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Ƙofar Kudu ya ga ragowar tsarin Rumfa yana tafiya a kan doki.

Sabuwar fadar tana bayan tsohuwar ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara a farkon ƙarni na 12, ɗansa Tsaraki ya kammala. Saboda haka a shekarar da ta biyo bayan ginin gidan, Rumfa ya faɗaɗa badala. Littafin ya bi layin aikin daga Ƙofar Dagaci zuwa Ƙofar Mata, ya zagaya ta Ƙofar Na'isa har ya kai Ƙofar Kansakali. Da wannan aiki fada da masallaci da sababbin unguwanni suka shigo cikin birni, tare da gonaki da kududdufai da za a dogara da su idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya.

Aikin ba na wasa ba ne. Ana haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattaka, a mulmula tubali da hannu, a shanya shi, sannan a jera a bi da yaɓe. Ramukan da aka ɗebi ƙasar su suka zama kududdufai da gwalalon da ke bin bayan ganuwa. A ɗakunan fada kuma ana rufi da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a shafe bango da makuba domin ruwa ya zame. Irin wannan gini yana iya yin ɗaruruwan shekaru, da sharaɗi ɗaya, wato a koma masa da yaɓe bayan kowace damina. Shi ya sa tun asali ganuwa ta zama nauyi a kan gari gaba ɗaya, ana raba ta kashi-kashi ga unguwanni da talakawan hakimai. Littafin ya kiyaye sunan sarkin da ya ba da umarni, dubban da suka ɗauki ƙasa a ka kuwa babu sunan ko ɗayansu a ciki.

Kurmi, tashar ayarin hamada

Abu na uku shi ne Kasuwar Kurmi, wadda ya kafa a gefen rafin Jakara, a tsakiyar birni. Kano ba ta da teku, amma Kurmi ta yi mata aikin da tashar jirgin ruwa ke yi wa garuruwan gaɓa. Ayarin raƙuma kan sauke gishiri da takarda da alharini da tagulla daga arewa, jakuna su kawo goro daga Gwanja, su kuma fatake su ɗauki turkuɗi da baƙin rini da jar fatar akuya, wadda Turawa suka daɗe suna saye a hannun Magaribawa suna kiran ta fatar Maroko. A cikin hajar da ta ratsa wannan kasuwa har da bayi, kuma cinikinsu ya ɗore har zuwan Turawa.

Tara ciniki a wuri ɗaya cikin ganuwa ya ba sarki dama biyu. Baƙo ya sami aminci da alƙalin da zai raba masa gardama, fada kuma ta sami inda za ta ga abin da ya shigo ta karɓi rabonta. Unguwannin da suka tsiro a kewayen kasuwar, da marinar Ƙofar Mata da ake danganta kafuwarta da ƙarshen zamaninsa, duk 'ya'yan wannan shawara ne.

Baƙon da ya zo daga Tilimsan

Wajen shekarar 1492 wani malami ya iso Kano, Muhammad ɗan Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan a Aljeriya ta yau. Mutum ne mai tsauri. Kafin ya taso ya jagoranci rikicin da ya kai ga rushe wurin ibadar Yahudawa da kashe wasunsu a Tuwat, abin da wasu malaman zamaninsa suka saɓa masa a kai. Ya biyo ta Azbin, ya zauna a Kano da Katsina, daga baya ya wuce Gao wurin Askiya Muhammadu.

Rumfa ya karɓe shi, ya nemi ya rubuta masa yadda ake mulki bisa shari'a. Amsar ita ce ɗan littafin Tajuddin Fima Yajibu Alal Muluk, mai babi takwas. A ciki malamin ya bi abin da ya wajaba a kan sarki daki-daki: kyautata niyya, tsara ma'aikata, binciken abin da ke gudana a ƙasa da kansa, daidaita mai ƙarfi da mai rauni a gaban shari'a, karɓar dukiya ta hanyar halal kaɗai, da kashe ta inda ta dace. Ya yi gargaɗi a kan karɓar kyauta daga masu neman muƙami ko masu ƙara, ya nemi a riƙa ƙididdige dukiyar ma'aikaci kafin a naɗa shi da kuma bayan ya kama aiki. Maganar da ya yi ta maimaitawa ita ce babu musibar da ta kai shugaba ya ɓuya wa talakawansa. Fiye da shekara 300 bayan haka, malaman jihadin Sakkwato suka yi ta kafa hujja da rubuce-rubucensa.

A wannan zamani ne, in ji Tarihin Kano, aka sare bishiyar da ake tsafi a gindinta, aka gina hasumiyar masallaci a gurbinta, aka kuma tsayar da masallacin Juma'a. Unguwar Sharifai har gobe tana danganta asalinta da mutanen da al-Maghili ya bari a birnin.

Ɗaya fuskar sarkin

Littafin da ya yabi Rumfa da ilimi da adalci shi ne kuma ya ajiye abin da ba ya da daɗin ji. Ya ce shi ne sarkin da ya fara tara mata dubu a gidansa, shi ya fara kulle, shi ya fara al'adar kame, har ya naɗa wani bafade ya riƙa zagaya gidajen Indabawa yana ɗauko masa 'yan mata 'yan fari. Ko da an ɗauki dubun a matsayin zuzutawar maroƙa, sauran bayanin ya nuna fadar da ta sami ikon shiga gidan talaka ta ɗauki abin da take so.

Akwai kuma yaƙi. A zamaninsa aka fara gwabzawa tsakanin Kano da Katsina, aka shekara 11 babu wanda ya rinjayi wani. Gabar ta wuce shi da fiye da ƙarni ɗaya, ƙasar yamma kuma, wato yankin Karaye da Rogo na yau, ita ta zama bakin daga. A Karaye ne Wambai Giwa ya yi sansani a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki (1618 zuwa 1623) yana kai wa Katsinawa hari, kuma shi ne ya jagoranci faɗaɗa ganuwa karo na uku, wanda ya shigo da Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga.

Wato mutumin da ya nemi a rubuta masa cewa ɓuyan shugaba musiba ne, shi ne ya gina garu mai tsawo tsakaninsa da jama'a, ya sa bayi a bakin ƙofa. Wannan saɓani bai mutu tare da shi ba, ya zauna a gidan tare da magadansa.

Rasuwarsa da waɗanda suka gaji gidan

Rumfa ya rasu a 1499. Ɗansa Abdullahi ya gaje shi, sai jikansa Muhammadu Kisoki, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1565. A tsawon wannan lokaci matarsa Auwa, mahaifiyar Abdullahi, ta kasance mai faɗa a ji a fada, har littafin ya ambace ta cikin manyan masu iko na zamanin jikanta. Zuriyar Rumfawa ta riƙe sarauta har 1623, Kutumbawa suka karɓa, su ma jihadi ya kawar da su a farkon ƙarni na 19.

A nan ne darajar gidan ta fito fili. Tarihin Kano ya ruwaito cewa da aka naɗa Sulaimanu sarki na farko na Fulani, 'yan'uwansa masu jihadi sun hana shi shiga Gidan Rumfa, don suna ganin gida ne na mulkin da suka yaƙa. Kanawa suka nuna masa cewa wanda bai zauna a gidan ba, birni da ƙauye ba za su bi shi ba. Sai da ya je wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya nemi izini, sannan ya tare. Da sojojin Ingila suka fasa ganuwa suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, su ma fadar suka nufa, sannan suka naɗa Abbas ya zauna a cikinta. Lugard ya rubuta wa gwamnatinsa cewa bai taɓa ganin irin wannan ganuwa a Afirka ba, ya ƙiyasta tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi kimanin ƙafa 40.

Kowane zamani ya ƙara wa gidan wani abu. Abdullahi Maje Karofi ya gina Ƙofar Kudu a ƙarni na 19, aka yi Soron Ingila a zamanin Abdullahi Bayero, a zamaninsa kuma aka gina babban masallacin Juma'a na yanzu a gurbin tsohon na ƙasa. Kurmi ma an sake tsara rumfunanta a farkon mulkin Turawa, kuma ko da Kwari da Sabon Gari da Singa sun kwashe babban ciniki, masu sirdi da linzami da turare da littattafai suna nan suna buɗe rumfa kowace safiya. Gidan Makama ya zama gidan adana kayan tarihi.

Ganuwar da ba ta da mai ita

Fada ta rayu domin akwai mai mulki a cikinta, kasuwa ta rayu domin akwai mai riba a cikinta. Ganuwa kuwa ta kowa ce, kuma tun ranar da bindigar Turawa ta nuna cewa ba ta ƙara tare yaƙi, aka daina fitar da mutane yaɓenta. Ruwan sama ya fara cin ta, masu gini suka riƙa ɗibar ƙasarta, aka cike gwalalonta da shara, daga baya aka yanka shi filaye. Matafiyin da ya taso daga Yola ta ƙasar Karaye, ko daga Rogo, ya biyo titin Gwarzo ya shigo ta Kabuga, zai ga ƙofa, amma sai ya lalubi ganuwar a bayan shaguna da gidajen mai da garejin kanikawa.

Hannun hukuma ma yana ciki. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa, wadda ke kan layin da Rumfa ya shata, domin faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Ƙofofi da dama sun bi wannan hanya, sunan na nan, ginin kuwa sabo ne. A 2023 gwamnatin jihar ta rushe gine-ginen da ta ce an yi su ba bisa ƙa'ida ba a filayen jama'a, ta kuma sanar da cewa za a yi amfani da ɓaraguzan wajen gyaran badala. Duk magini ya san ɓaraguzan bulo da kankare ba sa zama tubali. A takarda dai ganuwar tana cikin kayan tarihi na ƙasa da dokar tarayya ta kare, a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi, filin da take kai kuma gwamnan jiha ke da ikon raba shi bisa dokar filaye ta 1978. A tsakanin waɗannan hukumomi biyu ganuwar ke zubewa.

Gini guda da ya yi zamani da Gidan Rumfa ya isa misali. A 1482 Turawan Fotugal suka gina sansanin Elmina a gaɓar tekun Ghana ta yau, don su karkatar da zinaren da ke bin hanyoyin fatake zuwa arewa. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, suka mai da garin hedikwatar cinikinsu har 1872, suka bar gidaje da maƙabarta da wani sansanin a kan tudu. Tarihin wurin cike yake da baƙin cikin cinikin bayi, duk da haka Ghana ta adana shi, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya a 1979, ɗalibai da baƙi suna biya suna shiga. Mai cewa ai Elmina dutse ne, Kano ƙasa, sai ya dubi Jenne ta Mali, inda gari ke fitowa kowace shekara ya yaɓe babban masallacinsa, da Agadas, wadda tsohon birninta na ƙasa ya shiga jerin a 2013. Ganuwar Kano tana jerin masu jiran gado tun 2007.

A watan Disambar 2024 UNESCO ta amince da hawan Sallar Kano a matsayin al'adar da duniya ta gada, a shekarar da 'yan sanda suka hana hawan Babbar Sallah saboda rikicin sarauta. Kakakin Rumfa da dawakin zagensa sun sami shaidar duniya. Dokar da aka yi a Yulin 2024 ta mai da Rano, garin mahaifiyarsa, da Gaya da Karaye masarautu masu daraja ta biyu, Karaye da Rogo suka zama ƙasa guda. A duk dokokin da aka yi aka soke tun 2019, magana a kan kujera take da iyakar ƙasa da wanda zai zauna a gidan.

Makarantar da ke ɗauke da sunansa, Kwalejin Rumfa, tana kan titin da ke bin gefen badala ta kudu. Ɗalibanta kan wuce ragowar ganuwar safe da yamma, kuma kowace damina abin da suke wucewa yana ƙara gajarta.